Ranar da Kunkurun Baba Ta Yi Tari

Ni ba mai son tuna baya ba ne, don babu abin daɗi da yawa a can. Amma akwai wata safiya a hanyar Amarawa da ba za ta bar raina ba har a rufe ni.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, nan Illela. Wanda ya san al'adarmu ya san sauran: mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Ina aji biyu na sakandare ya cire ni, wai in kama masa kasuwa. Ƙannena duk sun yi karatu, suna Sakkwato cikin ofis mai sanyi, ni ina nan ina awon gero. Abin ya tsaya mani a wuya, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Baba yana da tsohuwar mota Bosuwaja mai ƙirar kunkuru, da ya saya hannun wani Bature a Ƙonni. Ta girme ni. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, shi ya sa yake ce mata raƙumar Jamus. Agogon mai ma ba ta da shi. Wani ɗan ƙarfe ne a ƙasa, wajen ƙafa. In ta fara tari, alamar mai ya yi ƙasa, sai a murɗa shi ta shiga rizab kamar babur. Tun ina ƙarami wannan murɗin ne aikina. Duk inda Baba za shi ina gaba a zaune, ba ya ce mani uffan sai ta yi tari: "Kai, murɗa."

Da tsufa ya kama shi, idanu suka tafi, hankali ya bi su. In ƙannena sun zo da salla yakan gane muryarsu, ya kira kowa da sunansa. Ni da nake yi masa wanka, ina juya shi a shimfiɗa, direba yake ce mani. Wannan ya fi boko ci mani rai.

Kullum sai ya tambayi motarsa, ita kuwa tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na ƙwai a ciki. Na ɗauko wani tsohon bakanike daga Ƙonni ya tashe ta. Ba tausayi kaɗai ya sa ni ba. So nake in ga ko a cikinta zai gane ni, ko sau ɗaya.

Na zuba mai kaɗan, na cicciɓe shi na sa gaba, muka kama hanya da hantsi. Da injin ya fara ƙararsa a bayanmu, sai ya gyara zama, ya dafa ƙofa.

"Direba, kana jin ta? Wagga ba ta shan ruwa. Jamusawa sun san ranarmu tun ba su zo ba."

"Ina ji, Alhaji."

Mun wuce gonakin albasa ke nan ta fara tari. Na ƙi taɓa komai. Baba ya miƙa hannu yana lalube a iska.

"Ina yaron? Shi ka murɗa mani ita."

"Wane yaro, Alhaji?"

Sai ya faɗi sunana. Cikakke, da bakinsa. Ban san haka sunan yake da daɗi ba.

"Ɗana na fari," ya ce. "Tunda kai baƙo ne, ba komi in na gaya maka. Ƙarfen nan, ai ƙafata na kai gare shi. Mi zan yi da mai murɗi? Ba ni da wata hanyar zama kusa da shi ba a ce na yi rashin kunya ba."

Mota na ta shaƙewa.

"Malaminsu ya ce a kai shi makarantar kwana. Na kwana ina juyi, da safe na hidda shi boko. Ban iya zaman gida babu shi. Na cuce shi, direba, na sani. Kada ka gaya mashi, ya raina ni."

Na sunkuya na murɗa ƙarfen da hannu, yadda na saba ina yaro. Ta yi tari biyu ta ɗauka.

"Madalla," in ji Baba. "Haka shi ka yi."

Bai gane ni ba, har muka dawo, har Allah Ya karɓi abinsa kafin damina. Ban kuma gaya masa ni ne ɗan nasa ba, tunda ya roƙa kada ɗan ya ji.

Ba zan yi ƙarya ba, karatun da na rasa har yau yana mani ciwo, kuma so bai biya ni shi ba. Amma na koyi cewa mutum na iya zama kusa da kai shekara da shekaru yana sonka, kunya ta hana shi faɗi, kai kuma kana ƙirga shirunsa ƙiyayya. Ɗana na fari yana jami'a yanzu. Da sunansa nake kiransa, a tsakiyar kasuwa, da ƙarfi. Masu cewa ba ni da kunya su yi ta faɗi.