Gwangwanaye Uku da Yaya Mamman Ya Ɓoye

Asabar: Daura zuwa Dutsi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida a Daura, bayan an idar da salla. Ba ni da kaya sai jakar ratayawa, da waya, da wata takarda a aljihun gaba. Takardar ce dalilin tafiyar, don haka bari in fara da ita.

Yayana Mamman malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, ni kuwa tela ne. Shekaru huɗu da suka wuce ya kamu da son wani wasa da ya gani a intanet, wai shi jiyokashin. Mutum zai sami gwangwani mai murfi, ya sa ɗan littafi da fensir a ciki, ya ɓoye a wani wuri, sannan ya rubuta lambobin wurin, irin waɗanda waya ke nunawa a taswira. Mai nema zai bi lambobin har ya gano, ya rubuta sunansa a littafin, ya mayar da gwangwanin inda yake. Yaya ya ɓoye guda uku, don ɗalibansa su riƙa fita suna sanin ƙasarsu da ƙafa. Mu a gida dariya muke yi masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Sule, ka je ka kwaso mini gwangwanayen nan. Na ajiye kaya a ƙasar mutane ban tambaye su ba, abin yana damuna." Na ce to, don dai hankalinsa ya kwanta. Bayan sadakar arba'in matarsa ta miƙo mini takardar lambobin, ta ce, "Ga aiken yayanka."

Motar Dutsi ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direba ya dube ni ya ce, "Malam, biki ko gaisuwa?" Na ce, "Aike." Tafiyar kimanin kilomita talatin ce, muka isa bakwai da rabi. Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na hau acaɓa muka yi yamma kamar kilomita huɗu. Daga nan na taka da ƙafa ta cikin gonakin gero da aka fara yanka, ina duban waya tana rage mini nisa: mita ɗari biyu, mita sittin, mita biyar.

A tsagin wani falalen dutse na same shi, an toshe bakin da ƙananan duwatsu. Gwangwanin madara ne, an shafa wa murfinsa shuɗin fenti. A shafin farko ga rubutun Yaya: "Sannu da zuwa. Zauna ka huta, ka dubi gabas." Na zauna na duba. Gonaki ne har iyakar gani, da wani makiyayi can nesa. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba sai a kan dutsen nan.

Sandamu

Na koma Daura sha ɗaya saura, na shiga motar Sandamu, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba. Lambobin suka kai ni wata kwalbati a bayan gari. Na sunkuya na lalube ko'ina, babu komai. Wata mai tallar fura da ke zaune a inuwa ta ce, "Bawan Allah, me ka yar?" Da na kwatanta mata sai ta ce, "Ai wannan sabuwa ce. Tsohuwar ruwan bara ya tafi da ita." Na sha furarta, na yi azahar a masallacin bakin titi. Na biyu ya tafi ke nan.

Hanyar Baure

Na sake komawa Daura, uku da rabi muka tashi ta hanyar Zango. Bayan Zango aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya laluba jakata ya fito da gwangwanin.

"Mene ne wannan?"

"Littafi ne a ciki, ranka ya daɗe."

Ya buɗe da kansa, ya karanta sunayen, na yi masa bayani a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya ɓoye littafi a dutse? Allah ya jiƙansa. Ku wuce."

Biyar ta gota muka shiga Baure. Na sauka a gidan Malam Nuhu, hedimasta, wanda suka yi kwaleji tare da Yaya. Bayan magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Muna ci na fito da gwangwanin ina ba shi labari, na ce na ƙarshe yana kogon wata kuka a wani ƙauye gabas da gari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen a nan ba. Malam Nuhu ya cire hannunsa daga kwano ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ga abin da ya gaya mini. Kukar nan a kan iyakar gonaki biyu take, ta Malam Tanko da ta ɗan baffansa, Bawa, kuma dama suna da 'yar jayayya kan iyakar. Shekara uku da suka wuce Tanko ya tsinci gwangwani a kogon kukar. Ruwa ya riga ya wanke shafin farko, sai sunaye da lambobi suka rage. Da aka karanta masa, a ciki akwai Lawal, sunan ɗansa da ke kwance ba lafiya. Yaron ya rasu a wannan daminar. Tanko ya ce Bawa ne ya yi sammu. Tun daga nan ba gaisuwa, Bawa ya daina zuwa masallacin unguwa, mata suka daina shiga gidansa.

"Labarin na sha ji," in ji Malam Nuhu, "amma gwangwanin ban taɓa gani ba. Ko kusa ban kawo Mamman a raina ba."

Tuwon da ban ƙarasa ba ke nan. Ya zo mini a zuciya in kama hanyar gida da safe, kada in ja wa mamaci zagi. Na faɗa wa Malam Nuhu haka. Ya ce, "Idan ka tafi da gaskiyar nan a aljihu, wa zai sake kawo ta?"

Lahadi: ƙauyen

Bakwai da minti goma muka hau babur ɗin Malam Nuhu. Kilomita tara ne, amma yashi ya sa muka ci fiye da rabin awa, sau biyu ina sauka ina turawa. Muka yi sallama a zauren mai gari, Malam Nuhu ya gabatar da ni. Mai gari ya saurara har na gama, sannan ya aika a kira mutanen biyu.

Tanko ya fara zuwa, dogo, gemunsa duk furfura. Bawa ya zo daga baya, ya zauna a bakin ƙofa, bai dubi kowa ba. Mai gari ya sa aka ɗauko wani ƙunshin buhu da aka ba shi ajiya tun lokacin rikicin. Aka kwance. Na ajiye gwangwanin Dutsi kusa da shi. Iri ɗaya, har shuɗin fentin.

Na yi bayanin wasan. Malam Nuhu ya buɗe littattafan biyu ya jera su. Sunayen da ke wannan su ne a wancan, kuma a duka biyun ga "Lawal, aji biyar", hannu ɗaya. Ɗalibin Yaya ne daga Daura.

Tanko ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Can ya ce, "Wato wasa ne."

"Wasa ne, Baba."

"Wasa."

Na durƙusa na ce, "Yayana ya rasu da wannan abu a ransa, ko da yake bai san ɓarnar da ya yi ba. Don Allah ku yafe masa."

Bawa ne ya fara amsawa, daga inda yake zaune. "Na yafe masa. Bai san ni ba, bai nufe ni ba."

Tanko ya ce, "Ni ma na yafe. Shi kuskure ya yi, ni kuwa zato na yi, kuma nawa ya fi nauyi." Ya cire hularsa ya juya wajen ɗan'uwansa. "Bawa..."

Bawa ya ɗaga hannu. "Dakata, Tanko. Ranar da Lawal ya rasu na zo da magirbi zan taya haƙa kabari, ka sa aka kore ni. Yaron nan a cinyata aka yi masa askin suna. Wannan ne ya tsaya mini, ba gwangwani ba." Ya tashi ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ni ba yau ba. Amma ka je ka ba matata Hajjo haƙuri. Shekara uku tana zuwa rijiya ita kaɗai."

Mai gari ya ce zai sa liman ya sanar da jama'a gaskiyar magana ranar Juma'a. Ya ba ni gwangwanin, ya sa aka yi wa Yaya addu'a. Da muka tayar da babur wajen sha ɗaya, na hango Tanko tsaye a ƙofar gidan Bawa, hula a hannu, yana doka sallama. Mun sha kwana ban ji ko an amsa ba.

Komawa gida

Na yi azahar a Baure, na sami motar Daura ƙarfe biyu da rabi, na shiga gida ana kiran la'asar. Na kai wa matar Yaya gwangwanaye biyu, ban ɓoye mata komai ba. Ta ce gobe za ta dafa abinci a kai sadaka da sunan yaron da ya rasu.

Bayan mako biyu Malam Nuhu ya bugo waya. Ya ce Bawa ya koma masallaci, ranar Juma'a sahu ɗaya suka tsaya da Tanko, amma har yanzu magana ba ta haɗa su ba.

Ina godiya ga Malam Nuhu da iyalinsa da suka sauke ni, da mai garin da ya saurari baƙo, da Malam Bawa da ya yafe wa mutumin da bai taɓa gani ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Yaya Mamman da Lawal a addu'a.