Ranar da Umma Ta Yi Sharhin Ƙwallo

Ko da zan manta komai na gidanmu na unguwar Sheshe, ban da yammacin da Umma ta yi wa Yaya sharhin ƙwallo.

Yaya shi ne ɗan fari, Umma kuwa irin matan da ce, masu alkunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da ya tafi karatu wata ƙasa mai sanyi, in ya bugo waya sai ta miƙo min ta ce a gaishe da wancan. Yana dariya, amma ya taɓa gaya min muryarta yake kewa fiye da tuwonta. Abin ya tsaya min a rai.

Ga shi mayen ƙwallo ne. Da gasar Afirka ta zo, sai ya tarar ba tashar da ke nuna wasan 'yan ƙasarmu a can. Ya gwada ta intanet, aka ce ba a buɗe wa yankinsu ba. Gidan kallo kuwa, ina zai gan shi? Sai ya ɗora min aiki: in kira shi ta bidiyo, in saita waya a gaban talabijin. Ni da ban san gaban ƙwallo ba balle bayanta, na zama ma'aikaciyar tasha, hannu ya sage, shi kuma yana ta mitar ina karkata masa fili.

Ranar wani wasa, bayan la'asar, an dawo hutun rabin lokaci ba wanda ya ci, sai aka ɗauke wuta. Yaya kamar zai yi kuka. Na jingine wayar jikin turmi kusa da Umma, tana tsintar shinkafa, na ruga maƙwabta in ga ko za su tayar da janareta. Ba su da mai.

Ina dawowa na ji murya, na tsaya a soro. Umma ce ta kara 'yar rediyonta a kunne, batirin ya yi sanyi har ba mai ji sai ita, tana maimaita abin da mai sharhi ke faɗa. Ba ta kalli wayar ba. Wai da kajin tsakar gida take magana. Ta gaya musu masu koren kaya sun sami bugun kusurwa, ko mene ne shi oho. Ta ce wani ya faɗi yana birgima, ƙato da shi ko kunya babu. Ta yi wa alƙalin wasa Allah ya shirya. Yaya da ya cika ni da surutu ɗazu ya kasa kunne yana saurare.

Can sai unguwa ta ɗauki ihu, har daga wajen Shahuci ana jiyowa. Umma ta sauke rediyon, ta juya ta dubi wayar sosai.

"Kun ci," ta ce. Ta ƙara matsowa kusa. "Kana cin abinci kuwa? Na ga ka rame."

"Ina ci, Umma," ya ce.

Ta ce to madalla, Allah ya yi albarka, ta koma kan shinkafarta. Da na shigo ta harare ni, wai na bar mata waya tana cinye kati a banza. Ni dai na ɗauki wayata cike da daɗi.

Yanzu Yaya ya sami tashar da ke nuna masa kowane wasa tar. Amma duk ranar da 'yan ƙasa za su buga, sai ya bugo ya ce tasa tana yankewa. Umma ta san ƙarya yake, kuma tun da safe take aikawa a sayo batir.

Abin da na koya shi ne, wanda ke nesa in ya ce ƙwallon ƙasarsu yake nema, a ba shi, amma a bar wayar kusa da mahaifiyarsa.