Kunnenka Bai Yi Ƙarya Ba, Yaya

Mai abu ya karɓi abinsa. Daga wurin Allah muka zo, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. A ranar Talata, sha huɗu ga wannan wata, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya yi wa babban bakanike na garejinmu rasuwa, wanda kowa ya sani da Baba Saurara, bayan jinyar sati uku a asibiti. Ina tsugune gaban wata mota ina gyaran hon ɗinta, babbar 'yarsa ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ajiye filaya a kan taya, na zauna a ƙasa, na daɗe ban san abin da nake kallo ba.

Ni ne mai gyaran wutar mota da rumfarsa ke jingine da taka, Yaya, shekara ashirin da shida. Kai ka laƙaba mini Tartsatsi saboda saurin fushina, sunan kuma ya bi ni har gida, jikokina ma da shi suke tsokanata. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma tun ranar da ka matsar da wani tsohon inji daga gefen rumfarka ka ce in kafa tawa a wurin, ban ƙara kiranka da wani suna ba sai Yaya. Na ɗauki alƙalami don in faɗi alherinka, amma ba shi kaɗai ya sa ba. Akwai haƙƙinka a wuyana. Na ɓata maka suna a kan aikin da ni na lalata, na kuma bari ka tafi ban wanke ka ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da ya fi daɗin faɗa.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka ba ka son aiki. Mota za ta shigo, mai ita ya fito yana huci yana cewa a buɗe bonet, kai kuwa kana zaune a kan bencinka mai ƙafa ɗaya ta ƙarfe, sai ka nuna masa gefenka ka ce, "Saurara tukuna. Yaushe ta fara? Da sanyin safiya ko sai ta yi zafi? A kan hawa ko a gangare?" Sannan ka zo kan abin da ya sa yaran unguwa ke leƙowa ta katanga: "To, yi min kukan da take yi." Na ga manyan mutane sun sha kunya a kan bencin nan. Akwai wani shugaban ofis, da kwat da jaka, da ya waiga hagu da dama, ya murguɗa baki ya ce, "Ƙiii-ƙiii." Ko murmushi ba ka yi ba. Ka ce, "Da ka tada ta da safe, ko? Fambel ne ya saki." Minti biyar ka ɗaure bel ɗin fankar. Mutumin ya zo da shirin a sauke masa inji, ya tafi yana ta juyowa kamar an yi masa sihiri.

Mota in ta ƙi tashi, tambayarka uku ce, har matan unguwa sun haddace. In an murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas ta tsaya, batir ne ko kan batir. In inji na juyawa amma ya ƙi kamawa, a nemi mai ko fulogi. In kuwa shiru ne ɗif, ko fitilar gaban direba ba ta kawo ba, sai ka ɗaga murya ka ce, "Tartsatsi, ga naka!" Sau nawa mutum ya zo da niyyar sayen sabon batir, ka ɗauki ruwan zafin da aka dafa mana na shayi, ka zuba a kan farin gishirin da ya taru a kan batir, ka kankare, ka ɗaure, mota ta tashi? Nakan ce maka, "Yaya, da wannan halin naka mai shagon batir zai kai mu ƙara." Kai kuma ka ce shayin da aka yi asara shi ya fi damunka.

Ka fi tausayin motar gida a kan kowace mota. Kakan ce motar haya in ta lalace, kwana ɗaya aka rasa, amma motar gida ita ke kai yaro makaranta, ta kai tsohuwa asibiti, ta kai mai naƙuda. Shi ya sa kake koya wa masu ita abin da wani bakaniken zai ɓoye. Ka ce su shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta in sun ajiye, da safe su duba abin da ya ɗiga. Baƙi, baƙin mai ne, a zo a hankali. Ruwa mai launi, lagireto ne, a ƙara ruwa a taho. Amma in mai ne garau kusa da taya, to na birki ne, kada a motsa ta ko taku ɗaya, a kira ka. Kuma ba wanda ya bar rumfarka ba ka nuna masa tabon ƙunar da ke hannunka na dama ba, ka ce, "Wannan murfin lagireto ne da na buɗe da zafi ina saurayi. Na riga na ƙone a madadinku, kada wani ya sake."

Ni da kai kuwa, zo mu zauna ce da ta zama zo mu saɓa kullum, amma saɓanin wasa. Tsohuwar al'adar masu sana'armu ce: bakanike ya ce wuta ce, mai wuta ya ce inji ne, mai mota ya tsaya a tsakiya yana raba ido. Mu mun mai da shi raha. Ka ce ni likitan aljanu ne, ina gyara abin da ba a gani. Ni in ce kai mahauci ne, ba ka san komai ba sai sauke wannan, ɗora wancan. Muna gama cacar baki mu sunkuya a kan mota ɗaya, kai da dogon sukudireba a kunne kana sauraron cikin inji, ni da ƙwan gwajina, har mu kamo ɓarawon.

Sai motar Maman 'Yan Biyu. Malamar makaranta ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da ƙaramar mota fara, kai kake kula da motar tun yana da rai. Bara motar ta tsiri wani hali. Ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar minti ashirin, sai ta mutu a tsakiyar hanya. A bar ta ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Ka canza matatar mai, ka duba fulogi, ba a dace ba. Sai ka shiga da kanka kuka yi ta zagaye har ta mutu, ka kwantar da kunne a kujerar baya, saitin tanki, ka ce a murɗa makulli. Da kuka dawo ka kira ni gefe, ba a gaban kowa ba. Ka ce, "Tartsatsi, mai ba ya zuwa, amma ba laifin famfon mai ba ne. Famfon da zai mutu yakan yi gurnani tukuna. Wannan muryarsa garau take, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Wuta ce ke yanke masa. Bi min wayar nan."

Na sa ƙwan gwaji, ya kawo. To ina zai ƙi kawowa, mota ta riga ta huce? Na san haka sarai, amma ranar aiki ya yi mini yawa, kuma raina ya sosu da ka koya mini sana'ata. Kai a gefe ka yi mini magana, ni kuwa a tsakiyar gareji na ba ka amsa, a gaban Malama da mutum kusan goma. Na ce, "Wuta lafiyarta ƙalau. Yaya, tsufa ne ya toshe maka kunne. Ka canza famfo ka bar mutane su huta." Aka yi dariya. Ka dube ni, ka sunkuyar da kai, ka ce, "To, kai ne mai wuta." Ka canza famfon ba da son ranka ba.

Kwana uku bayan haka motar ta mutu a tsakiyar shataletale, da yaran a ciki, wata babbar mota ta kusa bi ta kansu. Malama ta zo gareji. Tsoro ne ya yi magana a bakinta, amma ta faɗi abin da ta faɗa. Ta ce ka yi wasa da ran marayu, ta ce in kunnenka ya mutu ka koma gida ka zauna. Abin da ka ce kawai shi ne, "Allah ya tsare gaba." Magana kuwa zarar bunu ce. Ta bi makarantar, ta bi gidajen iyayen yara, motocin da suka shekara goma suna tsayawa a ƙofar rumfarka suka riƙa wucewa gaba. Ina kallo bencinka ya fara wuni ba kowa a kai sai kai.

Bayan sati biyu ta kawo mini motar, ni da ta ɗauka na faɗi gaskiya a kan kunnenka. Na shiga ƙarƙashi na bi wayar famfo a hankali, yadda ka ce in yi tun farko. Kusa da salansa na tarar da wani haɗi, tef ɗinsa ya narke, wayoyin sun yi baƙi, da ƙyar suke taɓa juna. In wurin ya ɗau zafi sai su rabu, in ya huce su koma. Ban buƙaci a gaya mini mai aikin ba. Ni bahago ne, naɗin tef ɗina ta hagu yake tafiya, duk garejin ba mai irinsa. Sai na tuna: watanni biyu kafin nan ɓera ya ci wayar, aka kawo mini ina sauri, na murɗe ta da hannu ban sa dalma ba, na ce zan koma mata, na manta. Na kwanta a ƙarƙashin motar nan ina jin muryarka a rumfarka kana gaisawa da wani. Na yanke haɗin, na yi sabo da dalma, na jefa tsohon a aljihu. Da Malama ta tambaya, na ce 'yan wayoyi na gyara. Motar ba ta sake mutuwa ba. Ta riƙa sa mini albarka tana cewa na fi wancan tsohon, ni kuma ina amsawa da amin.

Wata takwas, Yaya. Da ka yi fushi da ni da na samu sauƙi. Amma kullum da safe ka zuba shayi kofi biyu, kuma in motar da ba ta da wuta ta shigo, ka ɗaga murya ka ce ga naka. Sau da yawa na taso da niyyar faɗa maka, in zo bakin rumfa sai in ari sifana in koma. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi.

Ranar Litinin da la'asar na je duba ka a asibiti. Ka rame, amma idonka na nan yadda na san shi. Ka tambayi mutanen gareji ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce, "Motar Maman 'Yan Biyu fa, ta daina mutuwa?" Na ce ta daina. Ka ce, "Alhamdu lillahi. Me ka samu?" Ga ƙofa ka buɗe mini da hannunka, ba kowa a ɗakin sai mai ɗakinka tana sallah a gefe. Na ce, "Ban samu komai ba, da kanta ta daina." Ka dube ni. Ka ce, "Mota ba ta warkewa da kanta, Tartsatsi. Amma tunda yaran suna isa makaranta lafiya, shi ke nan." Na fito ina gaya wa kaina gobe zan dawo in faɗa maka komai. Goben ce Talata.

Jiya na je gidan Malama. Na ajiye mata guntun wayar nan a kan tebur, na faɗa mata daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta ce, "Nawa na yafe maka. Amma ni fa? Abin da na gaya masa a gaban mutane, wa zan je in roƙa?" Muka zauna ni da ita, kowa na share hawayensa.

Don haka na rubuta wannan, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya kai wa wanda bai karanta ba. Duk wanda ya taɓa jin an ce Baba Saurara ya tsufa, kunnensa ya daina aiki, daga bakina maganar ta fito, kuma ƙarya ce. Ya gano cutar motar tun ranar farko. Ni na jawo ta, ni na ƙaryata shi, ni na ɓoye.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa kowace tafiya da wani iyali ya yi ya sauka lafiya ta dalilin hannunsa ta zame masa lada, ka sa haƙurin da ya yi da ni ya yi nauyi a mizaninsa, ka sada shi da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa bakwai, da jikokinsa, da 'yan'uwa, da dukan mutanen gareji. Allah ya ba ku haƙuri, ya zame muku gata, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Ku kuma 'ya'yana, da kuke kirana Baffa tun kuna rarrafe a tsakanin tayoyi, yanzu kun san abin da Baffan ya yi wa mahaifinku. Wanda ya kamata in roƙa ya tafi. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo in zauna a ƙofar gida. In kun ga za ku iya, ku ce in shigo.