Dabo Mai Sifirin da Jif ɗin Inna

Duk wanda ya bi titin Zakirai da mota mai ciwon ƙafa ya san Dabo mai sifirin. Rumfarsa na gindin wata tsamiya, shi kuma kullum yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Magana tsada take yi masa. Sai ka yi ta sallama kafin ya amsa, ba kuwa don wulaƙanci ba, haka Allah ya yi shi. Tun yana saurayi ya koyi aikin a garejin manyan motoci na Dawanau, inda ake lafta wa mota buhunan gero har sifirin ya miƙe. Da furfura ta fara fito masa sai ya dawo gida ya kafa rumfa, yana ɗan nomansa a gefe.

Shi ne ɗan farin Inna Bilki. To, ka san mutanen da da kunyar ɗan fari. Ana yaye Dabo kakarsa ta ɗauke shi. Ya girma yana gaida Inna daga bakin ƙofa, a durƙushe, kai a ƙasa. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ya zauna, in tana da saƙo sai ta ba matarsa Barira. Ƙaninsa Sama'ilu kuwa, mai sayar da hatsi a Dawanau, har tabarmarta yake hawa su yi ta hira ana ƙyaƙyata dariya. Abin yana yi wa Dabo ciwo, wallahi yana yi masa, amma bai taɓa furtawa ba.

Shekarar da ciwon ƙoda ya kama Inna, likitoci suka ce sai an riƙa kai ta Kano ana yi mata wanki, kuma ba a fashi. Sama'ilu ya roƙe ta ta koma gidansa na Bacirawa a Kano. Ina! Ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya, daga nan za a fitar da ita. Haka ya haƙura, ya riƙa zuwa da babbar jif ɗinsa yana kai ta yana dawo da ita, har rani ya wuce.

Damina ce ta ɓata lissafi. Daga kwalta zuwa ƙauyensu hanyar amalanke ce, shanu sun haƙa rami biyu sun bar tudu a tsakiya. Ga gonaki dama da hagu, gero har bakin hanya, babu inda za a kauce ba a taka abincin wani ba. Ruwa ya zurfafa ramukan, ran nan jif ta hau tudun da cikinta ta zauna daram, tayoyi suna ta juyi a taɓo. Kafin a janye ta lokacin asibiti ya wuce. Ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ce kada a kuskura a sake.

A makon ne tafiya ta kama Sama'ilu, ya raka motocin wake Legas. Ya bar wa Dabo jif, daga can kuma ya aiko da kwali cike da kayan ɗaga mota: dogayen sifirin, sababbin shokozoba, da ƙarafan ƙarin tsayi.

Dabo ya kori duk wani aiki. Ya karyo karan dawa ya je ya auna tudun nan, ya dawo ya gwada a cikin motar. Ya sa jak, ya tokare ta da kututture, ya cire tayoyi. Notikan ƙasa sun yi tsatsa, ya jiƙa su da baƙin mai yana lallaɓa su, don in ɗaya ya karye an shiga uku. Sifirin kuwa ba abin wasa ba ne, in an matse shi ya kuɓuce sai ya zubar wa mutum haƙora. Da bisimilla ya zaunar da kowanne. Da ya sauke motar sai ya ga tiyon birki ya miƙe kamar igiyar guga, tsayin ya fi ƙarfinsa. Ya hau babur har Kano ya samo dogo ya canza. Ya saita ƙafafun, ya loda mata buhunan taki, ya bi hanyar ya dawo. Ko karta ba ta yi ba. Ranar har fito aka ji Dabo yana yi, mutumin da ba a san shi da haka ba.

Washegari da hantsi ya kawo jif ƙofar gida. Maza duk sun tafi gona. Inna ta fito tana dafe da Barira, tana jan ƙafa, ta tsaya a bakin ƙofar motar. Matakin yana sama da gwiwarta.

Nan Dabo ya gane kuskurensa. Ya auna tudu, ya auna rami, ya auna tiyo, amma bai auna mai shiga ba. To ina zai sani? Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli tafiyar uwarsa ba, bai ma san yadda take hawa mota ba.

Barira ta ɗauko 'yar kujera ta ajiye. Inna ta gwada, ƙafar ta ƙi tashi. Aka kira wata maƙwabciya suka kama ta su biyu, amma jikin ya yi nauyi da ruwa, sai da suka kusa faɗuwa gaba ɗaya. Inna ta jingina da motar tana haki. Dabo ya yi tunanin sace iskar tayoyi, ya ga ba zai isa ba. Ya duba gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauko kafin su hau kwalta, shi ke nan, an sake fashi.

Ya matso ya durƙusa, ya ce, "Barira, ki ce wa Inna ta yi haƙuri. Zan ɗauke ta."

Barira ba ta maimaita ba, ai an ji. Maƙwabciyar ta juya baya, don ita ma kunyar ta kama ta. Can Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta saki jikin motar.

Allah sarki. Dabo ya sa hannu ya ɗauki uwarsa, abin da bai taɓa yi ba tunda ya yi wayo. Ya ji warin hayaƙin itace da na man kaɗanya a jikinta. Ya cije, ya ɗaga ta, ya zaunar da ita a hankali, ya gyara mata ƙafafun. Barira ta hau ta zauna kusa da ita.

Zai rufe ƙofa ke nan sai murya ta fito daga cikin mayafin.

"Barira, ki ce wa mutumin nan ya rage ɗaukar abu mai nauyi. Tun bara nake ganin yana dafe ƙugu in zai hau babur."

Barira ta dube shi, don ita kanta bai taɓa gaya mata ciwon nan ba. Dabo ya rufe ƙofar, ya zagaya ya shiga. Ya daɗe yana lalube kafin makulli ya shiga raminsa, sai da ya goge idonsa da hannun riga. Sannan ya tayar da motar, suka bi ta kan tudun suka wuce, yayyafi bai fara ba sai da suka hau kwalta.