Takardar Ƙorafin Baba

Shekarar da sabon layin dogo ya ratsa gabas da garinmu, Baba yana cikin masu shimfiɗa tsakuwa. Manomi ne, kamar duk abokan aikinsa. Da ruwan shuka ya sauka, ya roƙi heluma, shugaban lebura, ya sallame su da azahar su je su jefa iri kafin ƙasa ta bushe. Heluma ya ce dogo ba ya jiran gero. Baba ya ce gero ma ba ya jiran kowa. Magana ta yi zafi, har aka ce Baba ya nuna shi da yatsa. Bayan kwana uku takardar dakatarwa ta iso: wata guda a gida, in ya sake kuma kora.

Sakataren ƙungiyar ma'aikata ya ce a rubuto ƙorafi, shi zai kai gaban kwamiti. Ni nake karanta wa Baba duk takardar da ta shigo gidanmu, don haka na ware sabuwar takarda, na ja mata layi, na zauna a zaure ina jira. Baba ya wuce ni, ya aika a kira ɗan ƙanensa. Ajinmu ɗaya a makarantar kimiyya, ina gabansa a kowace jarrabawa, amma shi ake tsayarwa muhawara.

"Bakinsa da kaifi," in ji Baba. "Kai in ka rubuta, za su ɗauka gafara nake nema."

Ɗan ƙanen nasa ya cika shafi biyu da manyan kalmomin Turanci, ya miƙe ya karanta yana kaɗa hannu, Baba yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. A layi na uku na ji kuskuren. Ya rubuta ranar Laraba aka yi gardamar. Ina da ɗan littafi da nake rubuta duk ranar da aka yi ruwa. Ruwan shuka yammacin Litinin ya sauka, gardama Talata. Laraba kuwa heluma yana Kano, Baba da kansa ya faɗa wa Inna. Kwamiti na buɗe rajistar aiki, za su ce Baba ya shara ƙarya.

Na yi shiru. Kwana biyu ina shiru, ina ta hango yadda za a dawo da takardar, Baba ya juyo ya kira sunana. Ban taɓa hango korar ba sai da safen da ya naɗe takardar ya sa cikin hularsa, ya turo keke waje. Na bi shi har bakin rijiya da littafina.

"Baba, Talata ce, ba Laraba ba."

Ya sa na karanta masa shafin sau biyu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka karanta."

Sannan ya cire hula, ya miƙo takardar. A kan sirdin keke na soke kalma ɗaya, na rubuta wata a samanta.

An mayar da dakatarwar mako guda. Baba ya kama zabo ya aika wa ɗan ƙanensa, ina tsaye ana ɗaure masa ƙafafu. Har damina ta wuce, duk takardar da ta zo, gidan ƙanensa yake kai ta. Ni kuwa tambaya ɗaya ta rage tsakaninmu, in ya dawo daga dogo: yau kwana nawa da ruwa?