Ranar da Na Kai Takalmin Maƙwabcina Wajen Mai Washin Wuƙa

Shekarun baya, a shekarar da ƙasar Sin ta karɓi gasar Olamfik, ina zaune a Dengfeng cikin Guangzhou, ina sana'ar tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Ɗakina yana hawa na shida, kuma ƙofar da ke kallon tawa ta wani Bature ce ɗan Kanada. Kafin in san mutumin, warin kayansa na fara sani. Yakan shanya su a baranda, wasu manyan abubuwa kamar sulke, kuma duk wanda ya hau benen nan sai ya toshe hanci.

Da muka saba gaisawa na tambaye shi aikinsa. Ya ce shi ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara: a sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, a riƙe sanda, a yi ta bin wani baƙin abu kamar murfin gwangwani. Na dubi zufar da ke zuba a jikinmu, na ce masa to ai ya ɓata hanya. Ya yi dariya, sai na ga haƙoransa biyu na gaba babu.

Shi dai bai taɓa zama tauraro ba, kuma bai ɓoye ba. Kulob goma sha wani abu ya buga wa, a ƙasashen da wasu ban taɓa jin sunansu ba. A ɗauke shi kaka ɗaya, a sallame shi, ya saɓa jakarsa ya yi gaba. Na ce masa a wajenmu ɗan ci-rani ake ce wa irinsa. A lokacin ya haura talatin da biyar, gwiwarsa ta dama tana ƙara in zai hau bene, yana koyar da zamiya a filin ƙanƙarar wani katafaren kanti kafin wani ya kira shi. Shi kuma Alhaji yake ce mini, don ya ji kowa na faɗa, alhali ko filin jirgin Jidda ban taɓa gani ba.

Ana nan sai kiran ya zo. Wani kulob a can arewacin ƙasar, inda ake sanyi na gaske, ya ce ya je gwaji na kwana uku. Ya faɗa mini a tsaye bakin ƙofa, ba murna ba fargaba.

"Alhaji, wannan ce ta ƙarshe. In ba su ɗauke ni ba, babu wanda zai sake kira."

Lokacin an matsa wa baƙi da binciken takardu saboda gasar, biza kuma ta yi wuya. Dole ya tsallaka Hong Kong ya sabunta tasa kafin tafiyar, matar da ta ba shi haya kuma ta tsorata ta karɓe makullinta. Don haka ya kawo jakar kayan wasansa ɗakina ajiya. Yana ajiyewa ya ciro takalman, ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya yi tsaki ya ce sun dakushe, ga injin washin filin nasu ya lalace. Maganar ke nan. Bai ce in yi komai ba.

To ni kuwa an raine ni a gidan da maƙwabci ba ya tafiya ba ka yi masa wani abu ba. Ko guzuri ne, ko rakiya, ko ka wanke masa mota. Shi ba ya cin yajinmu, ba ya da mota. Amma ga takalmi ya dakushe, ga kuma wani tsoho ɗan Sin da ke zagaya layinmu da benci da dutsen washin wuƙa, wanda mahautan unguwar ba su yarda da hannun kowa ba sai nasa. Na ji a raina Allah ne ya haɗa.

Ranar Juma'a, da muka dawo daga masallacin Huaisheng, na ɗauko takalman. Abokina ɗan Maraɗi, mai sarin atamfa, yana tare da ni. Ya juya takalmin a hannunsa ya dube ni.

"Alhaji, shi ya ce ka kai?"

"Sai ya ce? Ai in ya ce, ya zama aike."

"Ni dai, patiro maigida, abin da ban san kansa ba, ba na taɓa shi."

"Ƙarfe ne fa. Ƙarfe kuma washi ɗaya ne."

Da na kai wa tsohon, shi ma sai da ya yi shakka. Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya ce, "Lawban?" wato maigida, yana nuna ƙarfen kamar mai neman tabbaci. Na kwatanta masa yanka da hannu, na ɗaga babban yatsa. Ya zauna ya yi aiki tsakaninsa da Allah, ya fi awa guda. Da ya gama ya gwada a gashin hannunsa, ya aske tas. Na ce masa shiyeshiye, wato na gode, har sau uku, na dawo gida ina jin kaina.

Maƙwabcina ya dawo ana gobe zai hau jirgin ƙasa. Na miƙa masa takalman naɗe cikin sabon tawul, ina jiran godiya. Ya buɗe, ya ɗaga ɗaya zuwa hasken taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan kwalin kayan wani, a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bayani ya yi mini. Ashe ƙarfen ba baki ɗaya gare shi kamar wuƙa ba. Ƙasansa a shafe yake, da ɗan kwarmi a tsakiya, gefe biyu kowanne da kaifinsa, da su ake juyawa, da su ake tsayawa. Tsohon ya cinye gefen biyu ya haɗe su wuri ɗaya. Kuma ƙarfen nan shekara da shekaru ana gyara lanƙwasarsa daidai da yadda yake taka ƙafarsa don ya rage wa gwiwar nauyi.

Ranar mun zaga garin nan. Daga kasuwannin Guangyuan zuwa shagunan kayan wasanni, garin da za ka ce a yi maka kwafin komai a yi kafin la'asar, amma duk inda muka nuna ƙarfen sai a girgiza kai a ce "Meyo," babu. Da kunya ta ishe ni na ce ya faɗi ko me zan yi. Ya ce zai sami wani ƙarfen a can, ƙafarsa ce dai ba za ta san shi ba.

Bayan kwana takwas ya dawo. Ba su ɗauke shi ba. Na tambaye shi kai tsaye ko takalmin ne, don tambayar ta hana ni sakat.

"Sun ɗauki wani mai shekara ashirin da biyu," in ji shi. "Kocin gwiwata yake kallo, Alhaji, ba ƙafata ba."

Ya faɗa yana kallon bango. Har yau ban san ko gaskiyar ke nan ko tausayina ya ji ba, kuma ba ni da hanyar sani.

Sai ya ba ni aiki. Ya ce in tura masa jakar, ya rubuta adireshin gidan mahaifiyarsa. Ya ce tun da ya fara yawon nan, wannan ne karo na farko da jakar za ta koma inda ta fito. Ni na naɗe ta da hannuna, warin da komai. Kafin in rufe, ya ciro ɗaya daga cikin ƙarafan da tsohon ya wasa ya miƙo mini, ya ce ai yanzu wuƙa ce mai kyau, kada a yi asararta. Bayan sati ya bar garin, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na daina dukan kaina a kan maganar tuntuni. Watakila ko da takalminsa lafiya lau, sallamar ce dai ke jiransa. Abin da ya canza a wajena ƙarami ne. Yanzu in zuciyata ta ɗebe ni zan yi wa mutum alheri, nakan tsaya in tambaye shi tukuna, ko da hakan zai mai da alherin aike. Na gano cewa ranar nan daɗin da zan ji nake hange, ba tafiyar da ke gabansa ba.

Ƙarfen yana nan cikin durowata a Kano. Matata ta sha neman in ba ta ta riƙa yanka nama, na hana. Kwanaki na ciro shi na gwada a gashin hannuna, ya aske tas kamar ranar farko. Tsohon ya iya aikinsa. Ni ne ban iya tambaya ba.