Majanyin Jikar Yero

Yayana Yero a bayan motar shanu ya shigo Enugu, yana saurayi, da niyyar yin fawa a Kasuwar Artisan. Fawar ta ƙi shi, don ko kaza aka yanka a gabansa sai ya kau da kai. Ya koma wajen wani tela a unguwar Uwani ya koyi ɗinki, har Allah ya hore masa injin surfani mai aiki da kwamfuta.

Tun daga nan ya ɗora wa kansa wata al'ada. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu, Yero zai ɗinka sunansa a majanyi, kyauta. Uban yaro ya raɗa masa sunan a kunne, shi kuma ya rufe shago ya ɗinka, ya naɗe, ba mai gani sai ranar suna. Ni Hajo, ƙanwarsa ciki ɗaya, na sha yi masa wayo in ji suna, amma bakin nan kamar an sa kwaɗo.

To, bana sai ga jikarsa ta fari. Matar Imrana ta haifi mace. Imrana ɗan Yero ne, ni na raine shi tun rasuwar uwarsa, na kuma san rawar kansa. Murna ta ɗebe shi, ya sungumi kwamfutar ubansa ya kai kasuwa, aka sauya mata kayan ciki kaf, wai ta daina nishi kamar tsohuwar jaka.

Aka dawo da ita, aka kunna. Tsohuwar manhajarta ta Windos ta fara tashi, sai allo ya yi shuɗi, ta mutu. A sake kunnawa, a sake mutuwa. Ga shi injin surfanin ba ya jin maganar kowace Windos sai tsohuwar nan. Wayar mai faffaɗan kai da ke haɗa shi da kwamfutar ma ba ta da wurin shiga a sabon kayan.

Wallahi raina ya ɓaci! Na ce, “Imrana, wa ya aike ka? 'Ya'yan mahauta da na 'yan okada duk sun samu majanyi, sai 'yarka ce za a goya da tsumma?”

Ya ce, “Gwaggo, alheri na nufa.”

Na ce, “Alherinka ya kashe mana gwiwa.”

Yero kuwa ya koma gefe. Ya zauna yana shafa farin majanyin da ya saya tun cikin yana ƙarami, tuwo ma ya ƙi ci. Wannan zaman nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Ana gobe suna na hau okada har Kasuwar Kenyatta, na ɗauko Zakiyya mai gyaran kwamfuta. Haifaffiyar nan ce, Ibo a bakinta kamar ruwa, ita ma da majanyin Yero aka goya ta. Ta durƙusa ta gaida shi, ta leƙa cikin kwamfutar, ta yi dariya.

Ta ce, “Baba, ba mutuwa ta yi ba, baƙunta take yi. An kai ta sabon gida, ba ta san hanyar ɗakinta ba.”

Ta shiga saitin da ke fitowa kafin Windos ta tashi, ta mayar da faifan ajiya kan tsohon tsari. Ta kunna. Muka ƙura ido. Sai ga koren tudun nan da shuɗin sama sun bayyana, har da ɗan kiɗan da muka saba ji. Na rangaɗa guɗa! Amma injin ko motsi.

Zakiyya ta ja Imrana suka bazama kasuwa, tana ciniki da Ibo yana bin ta da jaka, har suka tono wani tsohon katin kwamfuta mai faffaɗan baki daidai wayar injin a kwandon tarkace. Ta soka shi, ta ɗaura wayar, ta yi ta lallashin kwamfutar har ta gane shi. Injin ya yi ƙara, allura ta ɗaga kai.

Yero ya miƙe, hula a karkace, yana “Alhamdu lillahi!” Don ɗoki ya ɗora majanyin, ya buga sunan, ya manta bai kore mu ba. Ni kuwa na yi lamo a bayan ƙofa, yau dai zan ga suna kafin kowa.

Allura ta fara tafiya da jan zare. Bokona ba yawa, sai na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ha. Ja. Ra.

Hajara. Sunana na yanka, wanda rabon da a kira ni da shi tun ina amarya.

Na juya, Imrana yana sosa ƙeya. Ya ce, “Gwaggo, da wa kuma zan yi wa takwara?”

Na zauna a kan buhun yadi ina kuka, Zakiyya tana ta ƙyalƙyala dariya. Yero ya tuna da al'adarsa, ya yi wuf ya rufe majanyin da hannu, ya ce, “Hajo, ba ki ga komai ba.”

Na share hawaye na ce, “Ban gani ba, Yaya. Amma ƙara mata fure a gefe, takwarata ba za ta fita haka ba.”